Kwana Ɗaya a Tsohon Otal, Kwana Ɗaya a Gwaram

 Yau labarin tafiya muka kawo muku, wadda muka yi zuwa Birnin Kudu da Gwaram a kudancin Jihar Jigawa. Mu goma sha biyu ne 'yan ƙungiyar ɗaliban tarihi ta jami'armu, maza takwas mata huɗu, sai malaminmu guda. Abin da ya fitar da mu shi ne zane-zanen duwatsun Birnin Kudu, waɗanda wasunku suka ci karo da su a littafin tarihi. Mun gan su kuwa, za mu kuma ba ku labarinsu. Amma da muka dawo, hirar da ta fi yawa a bakinmu ta wurin kwana ce, domin dare biyu muka yi a hanya, kuma tsakanin na farko da na biyu akwai tazara kamar tsakanin sama da ƙasa.

Otal mai tsohon suna

Tafiyar da nisa, saboda haka muka shirya yada zango a wani babban birni da ke kan hanya. Ɗaya daga cikinmu ya ce mahaifinsa ya sha ba shi labarin wani ƙasaitaccen otal a birnin, inda a da sai wane da wane suke sauka. Muka yi karo-karo, kowa ya ba da abin da zai ishe shi cin abincin mako biyu a makaranta, aka tura kuɗin ɗaki huɗu tun ana saura mako guda mu tashi. Ba za mu kama sunan otal ɗin ba, kuma ba ya cikin waɗanda za mu ambata nan gaba.

Daga bakin ƙofa, duk wanda ya ga wurin ya san an kashe dukiya. Hanyar shiga mai faɗi ce, itatuwan darbejiya da na mangwaro sun yi mata rumfa. Zauren karɓar baƙi ya fi ɗakin taron makarantu da yawa girma, daɓensa na dutse ne mai sheƙi, ga wata ƙatuwar fitila mai ƙyalƙyali tana reto daga sama. Sai da muka ɗaga kai da kyau muka ga ƙwai uku ne kacal suke ci a jikinta, sauran yanar gizo-gizo ta lulluɓe su.

Mutum ɗaya muka tarar a kanta, ya sunkuya yana kallon ƙwallo a waya. Malaminmu ya ce, "Sannu da aiki, Malam." Shiru. Ya sake maimaitawa, sannan mutumin ya ɗago.

"Mun kama ɗaki huɗu tun makon jiya, ga shaidar biya."

"Wanda kuka yi magana da shi ba ya nan."

"To yanzu yaya ke nan?"

"Sai dai ku jira manaja."

Muka jira manaja. Muka yi sallar magariba, muka yi isha'i, babu wanda ya ce mana ga kujera, balle ruwan sha. Da manajan ya iso sai ya ce ɗaki uku ne suka rage, na huɗun rufinsa yana yoyo. Na'urar hawa bene ta daɗe da mutuwa, don haka muka kinkimi jakunkunanmu zuwa hawa na uku, muna haska matattakala da fitilar waya.

Ɗakunan manya ne, gadajen na katako mai nauyi irin wanda ba a yi yanzu. Amma zanin gadon ya koɗe har ana ganin katifa ta cikinsa. Tawul ɗaya aka ajiye wa mutum huɗu. Da muka murɗa famfo sai ya yi tari sau biyu, ya tofar da jan ruwa kamar rabin kofi, ya yi shiru. Na'urar sanyaya ɗakin ta girme mu duka, ƙara kawai take yi. Akwai wayar tarho a gefen gado da takardar lambobin da za a kira in ana son wani abu, sai dai igiyarta ba ta haɗe da komai ba. Duk abin da muke so sai mun sauka hawa uku, mu tarar da mai kallon ƙwallo, ya ce za a kawo. Bokitin ruwan da aka ce za a kawo, mu muka je muka ɗebo shi da kanmu a famfon bayan kicin.

Duk wannan abin dariya ne a wurinmu, har muna ɗaukar hoto. Inda dariya ta tsaya shi ne da 'yan matanmu suka gano ƙofar ɗakinsu ba ta kulluwa. Malam ya sauka ya faɗa, aka ce masa su jingina kujera a bayan ƙofar. Nan ne muka ga ransa ya ɓaci. Ya ce 'ya'yan mutane amana ne a hannunsa, ba zai bar su a ɗakin da ba ya rufuwa ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai mazan ɗaki ɗaya suka yi musanya da su. Ƙarfe goma sha biyu na dare aka kashe janareta ba tare da an sanar da kowa ba, sauro ya karɓi aiki har asuba.

Da safe muka sauka karyawa, tun da an ce kuɗin ɗaki ya haɗa da karin kumallo. Ƙarfe takwas bai cika ba aka ce burodi ya ƙare, ƙwai kuma sai an aika kasuwa. Kuɗin ɗaki na huɗu da ba mu kwana a ciki ba, aka ce sai Malam ya rubuto takarda. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, daga shigarmu har fitarmu ba mu ji kalmar "ku yi haƙuri" daga bakin masu kanta ba.

Ɗakin da aka kulle

Mutum ɗaya ne ya sa ba mu bar wurin da baƙin ciki zalla ba. Wani dattijo ne mai shara, sanye da tsohuwar rigar aiki wadda aka goge tsaf. Shi ya fara gaishe mu, ya ce, "Samari, an tashi lafiya? Yaya baƙunta?" Muka ce, "Baba, baƙunta kam sai godiya." Ya yi murmushi, ya gane. Da ya ji mu ɗaliban tarihi ne sai ya ce mu biyo shi.

Ya kai mu ƙarshen wani dogon baranda, bakin wata ƙofar gilashi da aka ɗaure da sarƙa. Muka leƙa. Tebura ne masu koren ƙyalle a kai, ƙura ta mayar da su ruwan ƙasa, ga wani faifai mai lambobi ja da baƙi, ga kujeru an kife su a kan juna. Ya ce nan ne gidan cacar otal ɗin, abin da ake kira kasino. Ya ce yana saurayi ya fara aiki a wurin, kuma a zamanin kuɗin da ake zubarwa a wannan ɗaki a dare ɗaya ya fi na ɗakunan kwana duka. Ya ga masu shigowa da mota suna fita a ƙasa, ya ga magidancin da ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur yana hawaye. "Ni ban yi kukan rufe shi ba, 'ya'yana," in ji shi. "Caca ba ta taɓa gina gidan kowa ba."

Sai ɗaya daga cikinmu ta tambaye shi, "To Baba, me ya sa sauran otal ɗin ya lalace?" Amsar da ya bayar ita ce ta fi komai amfani a tafiyar. Ya ce tun asali ba mai kwana ne yake ciyar da wurin ba. 'Yan caca ne da manyan ma'aikatan gwamnati, waɗanda ofis ke biya musu. Ɗan caca ba ruwansa da tawul, hankalinsa yana kan tebur. Wanda ofis ya biya wa kuma ba daga aljihunsa kuɗin ya fita ba. Saboda haka ko an kyautata wa baƙo ko ba a kyautata ba, kuɗi na shigowa. Da waɗannan biyun suka ɗauke ƙafa, sai aka wayi gari ba a saba lallashin baƙon da ya ƙirga kuɗinsa kafin ya biya ba. Ya ƙara da cewa kada mu ɗora wa yaron kanta laifin duka, domin su ma ma'aikatan sun yi watanni ba su ga albashi ba.

Zamanin manyan otal-otal

Maganar Baba ta dace da abin da muka karanta. A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya yi wa Najeriya ambaliya, musamman bayan tashin farashinsa a 1973. A lokacin Naira ta fi Dalar Amurka daraja, ma'aikata kuma suka samu ƙarin albashin nan da ake kira Udoji. Gwamnatoci suka shiga gina manyan masaukai. A tsohuwar Jihar Kano, wadda Jigawa take cikinta har zuwa 27 ga Agusta 1991, Gwamna Audu Bako da ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975 ya gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, aka kuma kafa wuraren shaƙatawa a gefensu: otal ɗin tafkin Bagauda da Rock Castle na Tiga. A Kaduna an gina otal ɗin Durbar domin baƙin gagarumin hawan daba na bikin FESTAC a 1977.

Ina suke yanzu? Harabar otal ɗin Bagauda ta zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Durbar kuwa ya shafe shekaru a rufe ana shari'a a kansa, aka rushe shi a watan Janairun 2020. Yawancinku ba ku taɓa jin sunayensu ba, alhali kakanninku sun san su kamar yunwar cikinsu.

Dalilan faɗuwar irin waɗannan wurare suna da yawa. Farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, sannan shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, darajar Naira ta zube. Kusan komai na cikin otal ɗin daga waje aka sayo shi, tun daga na'urar hawa bene har kan famfo, don haka gyaran ƙaramin abu ya koma babban aiki. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, man janareta ya riƙa cinye riba. Da jihohin Arewa da dama suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, Zamfara a gaba, Kano da Jigawa da wasu suka biyo baya a shekarar 2000, sai aka rufe gidajen caca da mashaya a cikinsu. Ko a Las Vegas ta Amurka, wadda ta yi suna da caca a duniya, an daɗe ana sassauta kuɗin ɗaki da na abinci don a jawo mutum kusa da tebur, a ƙwace abin da ke aljihunsa a can. Otal ɗin da aka gina a kan wannan lissafi, ranar da teburin ya tsaya sai ya koyi sabuwar sana'a, wato kula da baƙo. Wanda muka kwana a ciki bai koya ba.

Amma mu lura da abu guda. SAP ba ta hana a ce wa baƙo sannu da zuwa ba. Tsadar kayan gyara ba ta hana a sanar da shi cewa za a kashe wuta ƙarfe goma sha biyu ba. Kwaɗon ƙofa bai kai kuɗin kwanan mutum ɗaya ba.

Duwatsun Birnin Kudu

Muka kama hanya da jajayen idanu. Muka haye gadar Wudil, muka wuce Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ta rabu, muka miƙe. Tun kafin a shiga Birnin Kudu manyan duwatsu suke fara yi wa matafiyi maraba, wasu a kan wasu kamar da hannu aka jera su. Gari ne mai tarihi da manyan mutane. Nan ne mahaifar Ali Sa'ad Birnin Kudu, gwamnan farar hula na farko a Jigawa, kuma Bamaina, garin tsohon Gwamna Sule Lamido, tana cikin ƙaramar hukumar. A Kwalejin Gwamnati ta garin Aliko Dangote ya yi karatun sakandare. Akwai kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke karɓar marasa lafiya daga nesa.

Zane-zanen suna cikin kogunan duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe da Dutsen Murufu. Bernard Fagg, Baturen Ingila da ya yi aiki a kan kayan tarihin Nok kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950 har duniya ta san da su. Yawanci hotunan shanu ne da jan launi. Abin mamakin shi ne shanun ba su da tozo, ba kamar waɗanda muke gani a rugage da kasuwanninmu a yau ba. Wannan ya nuna masu zanen sun rayu da wani irin shanu dabam, a wani zamani mai nisa. Kusa da su akwai duwatsu masu amo, in ka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙararrawa, kowane gurbi da irin sautinsa.

Mutumin da ya zagaya da mu ba shi da ofis mai sheƙi. Amma ya tare mu da fara'a, ya tambayi sunan kowa, ya gargaɗe mu kada mu taɓa zanen da hannu domin gumi yana cin launin. Da ya ga ɗaya daga cikinmu tana haki, ya tsayar da tawaga a inuwa har ta huta. Ya amsa tambaya ɗaya sau uku bai gaji ba. Da za mu tafi ya ce abin da ke damunsa shi ne yawancin baƙi sa'a biyu suke yi su juya, ba sa kwana, don haka mai abinci da mai shago da ɗan acaɓa ba sa samun wani abin kirki daga zuwansu.

Daren Gwaram

La'asar sakaliya muka nufi Gwaram, ta hanyar da ta yi wajen ƙasar Bauchi. Gonakin dawa da gero da riɗi ne hagu da dama, duwatsu na leƙowa daga bayansu. Ɗaya daga cikinmu ɗan garin ne, kuma tun kafin mu taso mahaifinsa ya ce ba a isa a kawo abokan ɗansa ƙasar nan su kwana wani wuri ba.

Gidan na ƙasa ne, an yi masa shafen siminti. Kafin mu gama sauke jaka an shimfiɗa tabarmi a zaure, yara sun kawo ruwan randa mai sanyi da fura da nono. Maigidan ya fito da kansa ya ce, "Maraba da mutanen boko. Malam, sannunku da hanya, kun sha rana." Aka shigar da 'yan matan cikin gida, uwar gidan ta ba su ɗakinta, ta koma na kishiyarta. Mu maza aka gyara mana shagon samari. An kai ruwan wanka bayan gida, bokiti bayan bokiti, ba mu roƙa ba. Bayan isha'i aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, ga zabi biyu da aka yanka saboda mu.

Babu wutar lantarki a unguwar a daren, amma tun da rana an faɗa mana, an karɓi wayoyinmu an kai wurin mai caji. An ɗaura mana gidan sauro. Kafin ya shiga barci maigidan ya zagayo da tocila ya ce, "Akwai abin da kuke bukata? Kada ku ji nauyi, nan gidanku ne." Da asuba kunun tsamiya da ƙosai suna jiranmu. Da 'yan matan suka je sallama, uwar gidan ta ƙulla musu kuka da daddawa ta ce, "Ku kai wa iyayenku, ku ce ina gaishe su." Suka ce, "Mun gode, Inna, Allah ya saka da alheri."

A mota muka yi ta lissafi. Duk abin da muka nema a otal muka rasa, an ba mu shi a Gwaram: ruwa, abinci a kan lokaci, ƙofa mai rufuwa, labarin abin da zai faru kafin ya faru, da mutumin da ya damu ko mun yi barci. Ba kuɗi suka fi otal ɗin ba. Sun dai san cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Abin da ya shafe ku

Wani zai ce ai gida daban, kasuwanci daban. Gaskiya ne, ba za a ce kowane baƙon Birnin Kudu ya nemi gidan aboki ba. Shi ya sa maganar ta dawo kanku. Ɗabi'ar karɓar baƙo muna da ita tun kaka da kakanni, har muna cewa baƙonka annabinka. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mayar da ita sana'a mai tsari, wadda za a yi wa wanda ba a sani ba, kullum, ko an tashi da daɗin rai ko babu.

Sana'a ce kuwa da ake koyo. Darasin girke-girke yana cikin darussan da ake rubutawa a jarrabawar WAEC da NECO, kuma manyan makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna koyar da aikin kula da otal. Da yawanmu muna raina wannan fanni, muna ganin aikin boyi ne. Amma masauki mai ɗaki goma, mai tsabta, mai ruwa, mai ma'aikatan da ake biya a kan lokaci kuma suka iya gaisuwa, zai iya sa baƙon da ya zo kallon Dutsen Habuɗe ya kwana biyu maimakon sa'a biyu. A cikinku akwai wanda zai iya gina shi, akwai wadda za ta iya tafiyar da shi.

Kafin lokacin, ga guzuri ga duk ajin da ke shirin fita yawon buɗe ido. Kada tsohon suna ya ruɗe ku, ku tambayi wanda ya kwana a wurin kwanan nan. Ku ga ɗaki kafin ku biya, ku murɗa famfo, ku gwada makulli. Ku tambayi lokacin da ake kashe janareta. Ku karɓi rasit. In an yi muku ba daidai ba, ku faɗa cikin ladabi, ku bar malaminku ya yi magana da manaja. In kuma kun haɗu da irin Baba mai shara, ku tsaya ku gaishe shi, ku saurare shi.

Akwai tsohon otal, ko gidan saukar baƙi, ko silima da aka rufe a garinku? Ku tambayi dattawa yadda yake a da da abin da ya kashe shi, ku rubuto wa wannan fili. Sai mun ji daga gare ku.